Ranar Fengwin ta Duniya: me za mu yi da yara a tsakar gida?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Shawara na zo nema. Hanifa ta dawo daga makaranta shekaranjiya da 'yar takarda a hannu, wai malamarsu ta ce ranar 25 ga Afrilu ce Ranar Fengwin ta Duniya, kowane yaro ya yi wani abu a gida tare da iyayensa a kan tsuntsun, ya zo ya ba 'yan aji labari. Tun ranar ta hana ni sakat. Ƙannenta biyu ma sun ɗauka, da safe fengwin, da daddare fengwin, autan har ya fara tafiya yana rangaji, hannuwa manne da cinya. Ni iyakar sanina da shi a talabijin ne, baƙi da fari, yana tsaye kan ƙanƙara. Abin da nake nema shi ne wanda za mu yi a tsakar gida da kayan da ke hannu, ba sai na shiga kasuwa ba. In da hali kuma, wanda zai sa babansu ya zauna da mu ko na awa ɗaya ne, don rabonsa da wasa da su har na manta. Wanda ya san tsuntsun nan ya taimaka.

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ba don in kashe miki gwiwa ba, amma a wannan zafin da ko kwalta narkewa take yi za a zauna ana bikin tsuntsun ƙanƙara? Yaron da bai iya bambance hasbiya da kurciya ba, bai taɓa ganin gauraka ba, shi za a ɗora wa na can ƙarshen duniya? Makarantun nan duk abin da suka tsinta a intanet sai su kwaso su juye wa iyaye.

Malama Rabi:
Abban Sadiq, maganarka tana kan hanya ta wani gefen, zan dawo kanta. Maman Hanifa, shekara uku ke nan ina yin wannan da 'yan ajina, bari in fara da asalin ranar. Akwai wani sansanin bincike na Amurka da ake kira Makmado a Antaktika, yankin ƙanƙarar da ke ƙuryar kudancin duniya. Masu aiki a can ne suka lura cewa wajen 25 ga Afrilu wani jinsin fengwin mai suna Adeli yake kama hanyar arewa, saboda lokacin sanyinsu ya kunno kai, rana tana shirin ɓacewa na watanni. Ka ga ke nan lokacinsu kishiyar namu ne: mu muna fifita, su duhu da sanyi na rufe su. Akwai kuma wata ranar ta wayar da kai a kansu, 20 ga Janairu, wadda ta fi dacewa da mu don tsakiyar hunturu ce.

Abu na farko da nake yi ba ya cin ko kwabo. Ki samu alli ko gawayi da tef ɗin tela. A jikin katanga ki auna santimita 33 daga ƙasa ki ja layi: tsayin mafi ƙanƙanta ke nan, wanda ke zaune a gaɓar Ostireliya da Niyu Zilan, nauyinsa kamar kilo ɗaya. Sai ki auna santimita 115 ki ja wani layin: babbansu ke nan, wanda ake kira emfara, wato sarkin sarakuna, yana iya kai kilo 40. Ki sa kowane yaro ya jingina da bango a ga inda ya tsaya. Za ki sha mamakin yadda suke yin tsit idan suka ga tsuntsu ya fi su tsawo. Jinsinsu kimanin 18 ne, sauran duk suna tsakanin layukan nan biyu. Daga nan sai su zana jikin tsuntsun a kan layin, baya da gawayi, ciki da farin alli.

Kawu Ɗanjuma:
Ni tambayata ɗaya ce, Malama. Mu dai idi biyu muka sani, ƙaramar salla da babba. Yau ranar uwa, gobe ranar masoya, jibi ranar tsuntsu. Ina za a tsaya? Yara suna tashi suna ganin kowace rana da Turawa suka sa a kalanda wajibi ce a kansu.

Malama Rabi:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Ni ma ba na kiransa biki a gaban yara, darasi nake ce masa. Ba ibada ba ce, ba a neman lada da ranar ita kanta, wanda ya ga dama ya yi ranar 24 ko a watan gobe. Abin da nake buɗe darasin da shi ma ayar nan ce ta 38 a Suratul An'am, wadda ta nuna dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Sai in tambaye su: wannan al'ummar fa, wa ke ciyar da ita a inda ko ciyawa ba ta tsirowa?

Kawu Ɗanjuma:
To in darasi ne ba ni da ja. Amma a bar kiransa biki, kuma kada a sa wa iyaye dolen kashe kuɗi. Na ga gidan da aka ci bashi saboda kayan kwalliyar makaranta.

Anti Bilki:
Ni kuma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Ranar 25 ga Afrilun nan fa ita ce Ranar Zazzaɓin Cizon Sauro ta Duniya. A asibiti nake aiki, na san abin da nake gani da zarar ruwa ya sauka, gado ɗaya yara biyu. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya 'yan Najeriya ne. Da ni ce malamar, takardar da zan ba yara ita ce: je ka duba gidan sauronka, akwai huji? Ban ce kada a yi na fengwin ba, amma ya yi min ciwo a ce an tuna da shi an manta da wannan.

Maman Hanifa:
Anti Bilki, wallahi ban san rana ɗaya ba ce. Kin tuna min, gidan sauron yaran ma akwai inda ya yage tun bara na ce zan ɗinke. In sha Allahu a ranar zan sa Hanifa ta riƙe min in ɗinke kafin mu fara komai. Amma ku yi haƙuri a dawo kan tambayata, kwana huɗu ya rage.

Yaya Nura (Keftawun):
Salam. Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba, yau dai an taɓo inda nake. Abban Sadiq, ba duka ne tsuntsayen ƙanƙara ba, akwai ɗan Afirka. A gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya yake, kuma bai taɓa taka ƙanƙarar Antaktika ba. Daga inda nake karatu zuwa bakin tekun Boldas da ke garin Saimons Tawun tafiyar kamar awa ɗaya ce. Na je sau biyu. An yi wa mutane gadar katako a saman yashi don kada a tattake musu gida. Kafin ka gan su warin kifi ne zai fara tarbarka, sai kuma kukan. Na rantse da farko na waiga ina neman jaki. Haka suke kuka sak, su ɗaga baki sama su buɗe fukafukai su saki, shi ya sa Turawan da suka fara zuwa suka yi masa laƙabi da jaki. Tsayinsa kaɗan ya wuce gwiwar babban mutum, wajen santimita 60. A saman idonsa akwai wata fata ja-ja marar gashi, idan zafi ya dame shi sai jini ya taru a wurin iska ta sanyaya shi, sai ka ga ta ƙara ja. A ƙirjinsa akwai ɗigo-ɗigon baƙi, kuma na kowane ɗaya daban ne, kamar zanen yatsa. A wurin ajiye motoci akwai allo da ke cewa ka leƙa ƙarƙashin motarka kafin ka tayar, don sukan shige su sha inuwa. Suna da cizo kuma, ba a taɓa su.

Abin baƙin cikin shi ne suna ƙarewa. A 2024 aka sa su cikin jerin halittun da ke dab da ɓacewa, fiye da kashi 90 cikin 100 sun tafi cikin ƙarni guda. Da can cikin tulin kashin tsuntsaye da ya daskare a tsibirai suke haƙa rami su yi ƙwai, sai mutane suka kankare shi kaf suka sayar a matsayin taki, suka bar su a fili, rana na dukan ƙwai, wasu tsuntsayen na ɗauka. An yi shekaru ana kwashe ƙwan ana ci. Yanzu kuma jiragen kamun kifi ne ke rige su ga ƙananan kifayen da suke rayuwa a kansu. A shekarar 2000 wani jirgin ruwa mai suna Treasure ya nutse kusa da tsibirin Robben, inda aka tsare Mandela, mai ya malala, wajen fengwin 19,000 suka jiƙe da shi. Ƙungiyar SANCCOB mai ceton tsuntsayen teku da dubban 'yan sa-kai ne suka yi ta wanke su ɗaya bayan ɗaya suna ɗura musu kifi, kuma mafi yawansu sun rayu.

Maman Hanifa, ki sa yaran gasar kukan. Wanda ya fi kama da jaki shi ya ci.

Abban Sadiq:
To wannan ban sani ba. Ashe da maƙwabcinmu a ciki. Amma labarinka, Nura, ya ƙara min ƙarfi ne a kan maganata. Ina angulu? Muna yara a kwatar garinmu sai an kore su da sanda kafin a yi fiɗa. Yau shekara nawa rabon da in ga ko ɗaya? Sadiq bai taɓa gani ba sai a hoto. Namu ma yana ƙarewa a gabanmu, ba wanda ya aiko da takarda daga makaranta.

Malama Rabi:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, angulun ma tun 2015 tana cikin wancan jerin da Nura ya ambata. Na ce zan dawo kan maganarka, ga shi: fengwin ƙofa ce kawai. Yaro yana son abin da ya ba shi mamaki, in ya shiga ta nan sai ka ja shi zuwa na gida. Ga misali. Ka ɗauko takarda biyu, ɗaya ka shafe ta da man kaɗe ko kakin kyandir, ɗaya ka bar ta haka, ka yayyafa musu ruwa. Ɗaya za ta jiƙe ta yage, ɗaya ruwan zai dunƙule ya gangare. Sai ka ce musu fengwin yana da wani ƙullutu a gindin jelarsa mai fitar da mai, da baki yake lakatowa ya shafe gashinsa. Daga nan ka ce su je su tsaya kan agwagwar gidan, su ga abin da take yi da bakinta bayan ta fito daga kwata. Abu ɗaya ne. Wata yarinya a ajina tun daga ranar ta raɗa masa suna agwagwar ƙanƙara, sunan ya bi ajin har yau.

Maman Biyu:
Ni na abinci zan kawo. Ki dafa ƙwai, kowa ɗaya. Ki ɗan yanke gindinsa don ya tsaya. Ki yanka karas fale-fale, ki cire ɗan yanki mai kusurwa uku daga kowane: babban ya zama ƙafafu, ɗan yankin ya zama baki. Idanu kanumfari biyu. Fukafukai kuwa ki tsaga baƙin dabino biyu ki maƙala a gefe da tsinken sakace, wani rabin ki kifa a ka. Yara su haɗa da hannunsu, kada ki yi musu, ko ya karkace ki bar shi. Nawa sun yi a watan Janairu, na ɗayan kamar mujiya ya fito amma ya ƙi yarda a gyara. Da daddare kuma ki yi miyar kifi, ki ce yau abincin fengwin za mu ci.

Kawu Ɗanjuma:
Wasa da abinci fa? A tsadar ƙwan nan?

Maman Biyu:
Kawu, ba a zubarwa, karin kumallon ne aka yi masa ado. A yi bismilla a cinye har karas ɗin. Ɗana da ba ya cin karas ranar ƙafafu huɗu ya ci.

Anti Bilki:
Tunda dai za a yi, ku ji nawa na aiki. A cire kanumfari da tsinke kafin a miƙa wa ɗan ƙasa da shekara uku, suna maƙalewa a wuya. Kada a yi wa yaro riga da baƙar leda, ko da wasa, ƙanƙanin lokaci ta rufe masa fuska. Kuma don Allah kada a shafa musu man goge takalmi ko fenti a fuska don su yi baƙi. An taɓa kawo mana yaro fuska duk ta kumbura saboda irin wannan kwalliyar. Baƙin hijabi ko tsohuwar baƙar riga, a ɗaura farin tawul a gaba, ya wadatar.

Baban Ikram:
Maman Hanifa, kin ce kina son abin da zai zaunar da maigida. Ki bar maganar zane da ƙwai, ba za su riƙe namiji ba. Ki ba shi labarin uban emfara, ko ki sa Hanifa ta ba shi.

Wajen watan Maris zuwa Afrilu suke fitowa daga teku su yi tafiya mai nisa a kan ƙanƙara zuwa inda suke taruwa. A watan Mayu ko Yuni macen take yin ƙwai, ƙwaya ɗaya tal. Ba sheƙa, ba ciyawa, ba komai sai ƙanƙara. Sai ta mirgina ƙwan daga ƙafafunta zuwa na mijin, a hankali, don in ya faɗi ya ɗan jima a ƙasa ɗan da ke ciki ya mutu. Shi kuma ya ɗora shi a bayan ƙafafunsa ya lulluɓe da wata fatar cikinsa mai ɗumi. Ita ta koma teku neman abinci, shi ya tsaya. Wata biyu cur yana tsaye da ƙwan nan, kwana 65 ko kusa da haka, cikin duhu, sanyi yana kai digiri 40 ƙasa da sifili, iska kamar ta ɗauke shi. Ba ya cin komai. In aka haɗa da lokacin da ya baro teku, kusan wata huɗu ke nan bai sa kifi a baki ba, yana zubar da kusan rabin nauyinsa. In ɗan ya ƙyanƙyashe uwar ba ta dawo ba, akwai wani abu mai kauri kamar kindirmo da uban ke fitarwa daga maƙogwaronsa ya ba shi ya riƙe shi 'yan kwanaki. Idan ta dawo kuma, cikin dubban da suka yi kama da juna, da murya take gane mijinta.

Ni ranar da na fara jin wannan na daɗe ban yi magana ba. Ina fita tun asuba in dawo bayan isha, in ce ai nema nake musu, kuma gaskiya ne. Amma Ikram ta yi haƙori ta fara tafiya duk a labari na ji.

Wasan shi ne: a dunƙule safa biyu ko a samo lemo, a ɗora a bayan ƙafafu, a haɗe dugadugai, a ja ƙafa daga ƙofar ɗaki zuwa gindin bishiya. A can abokin tafiyarka yana jira, ka miƙa masa daga ƙafa zuwa ƙafa, hannu ba ya taɓawa. In ya faɗi a ƙirga zuwa biyar, in ba a mayar ba an fita. Ki haɗa shi da autan. Babba ya fi yaro shan wuya a wasan nan, kuma abin da yaran ke so su gani ke nan.

Ɗan Maraɗi:
Malam Baban Ikram, Allah ya saka. Ka bar guda: yadda mazan ke curewa wuri ɗaya su yi dunƙule, na waje yana kutsawa ciki sannu sannu, na ciki yana fitowa, kowa ya samu rabonsa na ɗumi. Tsakiyar har zafi take yi musu. Mu a gida lokacin ɗari haka muke da 'yan'uwana a bakin wuta, sai dai mu babba ba ya ba da wuri. Wannan wasan a ajiye shi sai Janairu, in aka yi shi yanzu yara za su suma.

Malama Rabi:
Akwai na tsakuwa kuma, 'yan mata sun fi so don ya yi kama da 'yar carafke. Adeli da wani jinsin da ake kira jentu da ƙananan duwatsu suke gina sheƙa, don ƙwai ya ɗaga daga ruwan ƙanƙarar da ke narkewa. Namiji yakan ɗauko dutse a baki ya ajiye gaban macen. Dutse yana da daraja a wurinsu, har sukan saci na maƙwabci in ya juya baya. Sai a zana wa kowane yaro da'ira a ƙasa, a watsa tsakuwa ko ƙwallon dabino a tsakar gida, kowa ya kwaso ɗaya-ɗaya, da yatsu biyu kawai, yana tafiyar fengwin. Wanda ya bar gidansa ba tsaro a ɗauke masa.

Maman Biyu:
Malama, banda na ɗaukewar. Na gwada, da kuka aka tashi, kuma kwana biyu ƙaramin yana ɗauke wa yayarsa fensir yana cewa ai fengwin ne shi. Na mayar da shi kyauta: duk dutse na uku da ka ɗauko na ƙaninka ne.

Malama Rabi:
Kin fi ni gaskiya. A aji ina da bulala ta ido, a gida babu. Na karɓi gyaran.

Abban Sadiq:
Sadiq yana leƙen wayata, ya ce in tambaya: in ruwan teku gishiri ne, me suke sha? Kuma farin beyar nan ba ya cinye su?

Yaya Nura (Keftawun):
Ka gaishe min da Sadiq. Suna haɗiyar ruwan gishirin tare da kifi, amma akwai wata halitta a saman idanunsu da ke tace gishirin daga jini, ya gangaro ta hanci, su girgiza kai su watsar. Farin beyar kuwa ba su taɓa haɗuwa ba, shi yana can ƙuryar arewa, su suna kudu. Wanda ya fi kowa matsowa arewa shi ne na tsibiran Galafagos na ƙasar Ikwado, a daidai tsakiyar duniya, kuma ruwan sanyin da ke kwararowa wurin ne ya riƙe shi. Ka samo lemo ka zana masa layi a tsakiya, ka sa ɗigo a sama ka ce nan beyar, a ƙasa ka ce nan fengwin. Ka ƙara masa da wannan: ba ya tashi sama, amma emfara yana nutso fiye da mita 500, yana iya yin sama da minti 20 bai sheƙi iska ba. Baƙin bayansa da farin cikinsa ma sutura ce ta ɓuya: mai kallo daga sama ya ga duhu kamar zurfin ruwa, mai kallo daga ƙasa ya ga haske kamar sararin sama.

Maman Hanifa:
'Yan'uwa, na dawo da rahoto, jiya muka yi. Bayan la'asar na fara da gidan sauron kamar yadda na yi wa Anti Bilki alkawari, huji uku muka samu ba ɗaya ba. Sai bango: Hanifa ta wuce layin sama da yatsu huɗu, Abdul bai kai ba ya ce tef ɗin ne ba daidai ba, aka sake aunawa sau biyu. Ƙwan mun yi, dabinon ya ƙi zama sai da na ɗan matse shi. Na so in yi na sa hannu a ruwan ƙanƙara da na gani wani wuri, amma kwana biyu ba wuta, mai ƙanƙarar unguwa ma ya ce ta ƙare, na haƙura.

Babansu ya shigo ana kiran magariba. Bayan ya dawo masallaci yana zaune kan tabarma waya a hannu, Hanifa ta tsaya gabansa ta fara ba shi labarin uban da ƙwai, yadda na karanta mata na Baban Ikram. Da farko "uhm, uhm" yake yi. Da ta zo wajen wata huɗu ba abinci sai ya kife wayar ya ce, "Wata nawa?" Ta maimaita. Ya ce ina lemon. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya ɗora, taku uku ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. Autan ya durƙusa yana riƙe masa da hannu yana cewa, "Baba kada ya mutu, Baba kada ya mutu." A karo na biyar suka kai gindin darbejiya, kuma sai da ya miƙa wa yaron daga ƙafa zuwa ƙafa. Ina bakin murhu ina kallonsu, miyar kifin ta kusa kamawa. Gasar kukan jaki kuwa sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar lafiya. Har aka kira isha wayar tana nan a kife inda ya bar ta.

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci.

Kawu Ɗanjuma:
Madalla. Allah ya raya su. Lemon dai an sha ko?

Maman Hanifa:
An sha, Kawu, duk da ya sha ƙasa. Na wanke na yanka huɗu.

Ɗan Maraɗi:
Abban Sadiq, ga naka. Yau da safe na ga shamuwa biyu a kan tsamiyar bayan gidanmu, ɗaya da kara a baki. Ita ma baƙa ce da farin ciki, ita ma matafiyiya ce: kudancin Afirka take zuwa ta yi rani, ta dawo mana gab da damina. Tsofaffinmu in sun gan ta sai su fara gyaran gona. Ka fita da Sadiq ku duba manyan itatuwan unguwarku.

Abban Sadiq:
Akwai wata tsohuwar kuka a bayan makarantar allo da suke sauka a kai muna yara, ban san ko tana nan ba. Gobe bayan asuba za mu je da shi. Malama Rabi, man kaɗen nan da takarda, kowace irin takarda ce ko sai ta littafi?

Malama Rabi:
Kowace iri, amma ta jarida ta fi nuna bambanci don saurin shan ruwa gare ta. Ka shafa man gaba da baya, ka bar shi ya ɗan sha iska kafin ka zuba.